Auta, Ni Ma Na Taɓa Sa Kaina A Labari

Madarunfa.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, mai yawa, cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Damagaram lafiya, motar ba ta ba ku wahala a hanya ba, kin kuma samu ɗaki mai iska da abokiyar zama mai hankali. Allah ya tsare ki fita da shiga, ya tsare ki daga ciwo da mugun abota, ya buɗe miki kai a karatun jinyar da kika je yi. Amin.

Na cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin natsu. Babanki ya riga ya yi miki nasa wa'azin, na karatu da zuwa majami'a da lura da masu kabu-kabu, ba sai na maimaita ba. Tawa maganar a kan abu ɗaya ce: labaran nan da kike rubutawa a salula, waɗanda kike ɗauko mutanen wasan tele, wato talabijin, ki ci gaba da su daga inda masu wasan suka tsaya, ki sa kanki a ciki da sunanki, ki tura wa 'yan grup ɗinku su karanta. Da yayyenki ne, kunya ba za ta bar ni in buɗe musu cikina haka ba. Ke auta ce, a gabanki nake shan hura da ludayi ɗaya, don haka ki saurara.

Kun ɗauka ku kuka fara wannan abu. Ni ma na yi.

Lokacin ina kolej, akwai wani wasan kwaikwayo da wata tashar radiyo ta ƙetaren iyaka take sakawa da la'asar. Kakanki yakan rataye radiyonsa a reshen bishiyar bedin tsakar gida, 'yan matan unguwa su taru, mu zauna kamar masu jiran rabo. Labarin wani direban kamiyo ne, babbar motar kaya, mai kai goro da atamfa gari-gari, kowane gari ya shiga sai ya tarar da wata rigima. Ba mu san fuskarsa ba, muryarsa kaɗai muka sani, amma muryar nan, Rahila! Ko “sannu” ya ce sai ki ga mai daka ta tsai da taɓarya.

Rannan sai tashar ta daina saka wasan. Ba sanarwa, ba ban haƙuri. Sun bar mana direba da mota cike da kaya a tsakiyar gulbi, ruwa yana hawa. Muka jira, muka canza pil, wato batir, kakanki ya juya eriya gabas da yamma, shiru. A duk 'yan matan nan ni kaɗai na iya rubuta Hausa, don a ajin majami'a an koya mana, lekol kuwa, makarantar boko, Faransanci kawai take koyarwa. Sai na ɗauki ragowar wani kaye, littafin rubutun makaranta, da bik, wato biro, na ce ni zan fid da shi daga ruwan.

Wa ya fid da shi? Wata yarinya ce ta zo a kwalekwale, sunanta Hannatu. Sunana ke nan, ko harafi ban canza ba.

Ranar da ba lekol, in mun je wanki bakin tabki, sai in hau kan wani kututture in karanta musu. Da farko abin ya yi armashi ƙwarai. Har matan aure sukan matso da kwanonin wankinsu kusa. Ni kuwa daɗi ya ɗauke ni, na shiga yi wa Hannatun kaye ado. Ta iya Faransanci da Turanci da Larabci. Ta iya gyaran inji fiye da direban. In ta yi miya, sai an jiyo ƙanshin a ƙauyen gaba. In motarsu ta iso Ɗan Issa, 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka miƙewa suke yi su sara mata. Duk wanda ya yi mata gardama a farkon shafi, kafin ƙarshensa ya zo ya durƙusa yana ba ta haƙuri.

Kin san Inna Rabi ta makwabta, wadda kike zuwa cin soyayyen kifi a gidanta tun kina rarrafe. A lokacin ita ce aminiyata, ta ɗan girme ni, ba ta zuwa lekol, tana taya uwarta sayar da kifi a kasuwa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, su suna sallarsu mu muna zuwa majami'armu, tuwonmu kuwa yana ƙetare katangar nan safe da yamma. Wata rana ina tsakiyar karatu sai ta matse zanen da take wankewa, ta ɗago ta ce:

“Ni 'yasu! Hannatu, wannan takwarar taki ko mura ba ta taɓa yi ba?”

Na ce, “Me kike nufi?”

Ta ce, “Ni dai na gaji da ita. Tun da ta shigo, direbanmu ko tuƙi ba ya yi, sai dai ya zauna yana yaba ta. A maido mana abinmu.”

Aka fashe da dariya, har da matan auren. Na rufe kayen na sauko.

Gaskiya ta faɗa. Na shiga labarin mutane na ture masu shi gefe, na zauna a tsakiya ina jira a yi mini tafi. To, Auta, in kin sa kanki a labari, ki shiga kamar baƙuwa mai ladabi. Ki bar masu gida su yi maganarsu, su ci nasararsu. Rahilar da kike rubutawa ki ba ta mantuwarki, da saurin fushinki, da tsoron kyankyason nan naki. Ki bari wani lokaci a yi mata gardama kuma ya zamana ita ce ba ta da gaskiya. Mai karatu ya fi son wadda yake jin tsoron kada ta faɗi.

Ni a lokacin ban ji haka ba. Abin da na ji shi ne an yi mini dariya a gaban jama'a, kuma Rabi ce ta jawo.

Sai na koma gida na ƙirƙiro wata yarinya na saka a labarin. Na sa mata suna Raliya, wai don kada a gane. Amma na ba ta wushiryar Rabi, da tafiyarta ta sauri kamar ana kiranta, da “ni 'yasu” ɗin nan da take fara kowace magana da shi. Na kuma sa ta mai sayar da kifi. Sa'an nan na sa ta ta hau bayan kamiyo ta zare turmin atamfa ta ɓoye a ƙarƙashin kwandon kifinta. Da na karanta a bakin tabki, ba wadda ba ta gane ba. Aka yi dariyar da ta fi ta farko. Rabi ta tattara wankinta da sauran kumfa a jiki ta tafi. Ni kuwa na ji sanyi a raina, na ce na rama.

Abin da ban lissafa ba shi ne, suna yana tafiya inda labari bai je ba. 'Yan mata suka fara kiranta Raliya mai ɗan hali, da wasa. Ƙannensu suka ɗauka suka kai kasuwa. A kasuwa ba wanda ya san da wani kaye ko wani direba, “mai ɗan hali” kawai suka ji. Mata suka fara riƙe bakin zanensu in sun tsaya gaban kwandonta. Akwai wani saurayi daga Safo, Sani, mai kawo gero a amalanke ranar kasuwa, suna son juna da Rabi, magana har ta kai ga manya. Sai uwarsa ta aiko a ce a dakata tukuna, ta ji wani zance game da hannun yarinyar.

Labari ya iso ni. Kin san me na yi? Na sake ɗaukar bik. Na rubuta sabon babi, inda aka gano ashe yaron mota ne ya saci atamfar ya saka a kwandon Raliya, direba da kansa ya je ya ba ta haƙuri a gaban mutanen gari. Na ɗauka da murnata na shiga gidansu. Na tarar da ita tana kankare ƙayar kifi. Na tsaya a kanta na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce:

“Kin wanke Raliya. Madalla. Ni fa, wa zai wanke ni?”

Na ce, “Ai zan karanta a bakin tabki, kowa ya ji.”

Ta ce, “Uwar Sani ba ta zuwa wanki tabkinmu.”

Na fito ina kuka, na gaya wa kakarki, Inna Saratu, duk abin da ya faru. Ba ta doke ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta ce, “Ɗauko kayen, ki sa takalmi.” Muka bi wata amalanke da ke komawa Safo, muna zaune kan buhunan da babu komai, rana tana dukanmu. Muka tarar da uwar Sani tana sussukar dawa da matan gidanta. Bayan gaisuwa kakarki ta ce, “Ga wadda ta yi satar. Sunan ɗiyar mutane ta sata. Ta zo ta maido.” Ta sa ni na tsaya a gabansu na karanta wurin da na rubuta satar atamfar, na ce ni na ƙirƙira, ba a taɓa yi ba, haushi ne ya sa ni don Rabi ta gaya mini gaskiya. Majina tana zuba, matan gidan sun bar aiki suna kallona.

Uwar Sani ta ajiye aikinta ta dube ni. Ta ce, “Wato duk abin nan a takarda aka yi shi?”

Na ce, “E, Inna.”

Ta ce, “Ikon Allah. To, shi direban, ya kai goron nasa kuwa?”

Matan suka yi dariya, ita ma ta murmusa. Sa'an nan ta gyara fuska ta ce wa kakarki ta gode da ta tako da ƙafarta, za su zo. Bayan girbi aka ɗaura auren. Rabi kuwa ba ta yi mini magana ba duk tsawon daminar nan. In mun haɗu a rijiya sai ta dubi gugarta. Sai ranar sa lalle ta aiko ƙanwarta a ce in zo, wai hannun kowa yana mata nauyi, ni take so in ɗaure mata. Ina ɗaurewa tana kallon rufin ɗaki, ta ce, “Kada ki ƙara.” Na ce ba zan ƙara ba. Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kai ke nan har yau.

Ɗiyata, sunanki naki ne, ki yi wasa da shi yadda kika ga dama. Na wani ba naki ba ne. A makarantar nan za ki haɗu da malamar da za ta tsawata miki ba da hakki ba, da abokiyar ɗaki mai cinye miki yaji, kuma hannunki zai yi ƙaiƙayi. Canza suna bai isa ba, in kin bar tafiyar mutum da irin maganarsa kin nuna shi da yatsa. In kina cikin fushi da wani, kada ki rubuta shi a ranar. In kina son saka ƙawarki don ƙauna, ki tambaye ta, ki karanta mata kafin ki tura. Ni Safo kaɗai ɓarnata ta kai, amalanke ta isar da ni na gyara. Taki in ta fita daga salula, ban san motar da za ki hau ki bi ta ba.

Bayan wannan ban daina rubutu ba, sai dai na bar mutanen unguwa suka huta. Na maida hankalina kan direba. Kin dai gane inda zancen ya nufa: a ƙarshe Hannatun kaye ta aure shi. Na rubuta bikin da kaina, na rubuta irin maganganun da yake gaya mata in sun tsaya shan inuwa a hanyar Agadas, masu daɗi, ba gargada. Na gama kolej na shiga koyon ɗinki, ina taka keke ina jin muryarsa a kunnena.

A nan ne babanki ya shigo. A lokacin yana gyaran motopom, injin ban ruwa na masu lambu, a bakin tabki, hannunsa kullum da baƙin mai. Kin san in'inarsa. Yanzu ma ta yi sauƙi, a da kafin ya fid da “ina wuni” an yi rabin wunin. Yakan zo gidanmu ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a, ya zauna kan benci a zaure da hularsa a gwiwa. In na fito ya fara “Ha-Ha-Ha”, sai in ji kamar in ƙarasa masa in koma ciki. Ina auna shi da mai muryar radiyo, kullum yana faɗuwa. Sau da yawa nakan aika a ce ina barci da rana tsaka. Kakarki ta ce yaron kirki ne, na ce na sani. Kakanki ya ce ba zai matsa mini ba, amma in gaya wa yaron gaskiya kada ya yi ta ɓata Lahadinsa.

Wata Lahadi na fito da niyyar sallamarsa. Kafin in buɗe baki sai ya ɗaga hannu, alamar in ba shi lokaci. Zan rubuta miki abin da ya ce a miƙe, amma ki sani ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya ce yakan ji karatuna in yana aiki kusa da masu wanki, kuma yana jin daɗinsa. Ya ce wurin da motar ta mutu a rairayi na yi kuskure, ba a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi, fashewa zai yi. Sa'an nan ya ce:

“Direban nan naki bai taɓa tambayar ki abin da kike so ba.”

Na ce, “Ai ya sani.”

Ya ce, “Ya sani don ke kike sa masa magana a baki. Ni ban sani ba. Shi ya sa nake zuwa.”

Duk shafukan da na cika, direba bai taɓa faɗa mini abin da ban riga na sani ba, ga wannan mai baƙin hannu ya faɗi abin da ko shekara na yi da bik ba zan ƙirƙiro ba. Ban sallame shi ba ranar. Na shiga na kawo masa ruwa. Lahadi ta gaba ni na riga shi zama a zaure, na kuma koyi yin shiru har ya kai ƙarshen maganarsa da kansa. Yanzu haka da nake rubutun nan yana zaune can yana kwance wani tsohon inji a kan tabarmata mai kyau, ya tambaye ni me nake ta rubutawa haka, na ce ƙararsa nake kai miki.

Saura kaɗan in yi asarar mutumin nan saboda wanda babu shi. Don haka kada ki auna mai rai da wanda kika rubuta. Na takarda ba ya gajiya, ba ya wari, ba ya mantuwa, ba ya kuma iya kawo miki ruwa in zazzaɓi ya kama ki. Wannan ba kan samari kaɗai ba, har ƙawaye da malamai da marasa lafiyar da za ki yi jinya. Ba za su yi magana yadda kika tsara ba, ki ba su lokaci su kai ƙarshe. Ki kuma juya zancen ta ɗaya gefen: masu karanta ki a grup, Rahilar salula suka sani. In wani ya rubuto miki ya ce ya mutu a kanki, ki tuna bai taɓa ganin ki da safe kafin ki wanke fuska ba. Ki gode masa da karatu, kada ki gaya masa unguwar da kike.

Kuskure na gaba ba shi da wani dogon labari, kuma shi ya fi damuna. Da na yi aure sai na daina. Ba wanda ya hana ni. Babanki ma har sabon kaye da bik ya sayo mini daga Maradi, na maida shi na rubuta awon masu kawo ɗinki. Na ce wa kaina wannan wasan yara ne, matar aure mai goyo ba ta zama tana ƙirƙirar ƙarya. Tsohon kayen na bar shi a rumbu, gara ta cinye. Direban ban yi kewarsa ba, dama aro na yi. Abin da ke mini ciwo shi ne, da na ci gaba, da hannuna ya faɗa, wata rana da na bar mutanen aro na rubuta namu. Da na rubuta kakarki. Yau ina iya tuna fuskarta a kan amalanken nan, amma yadda take jera magana in tana ba mu labarin ƙuruciyarta a Gabi, da waƙar da take yi in tana niƙa, sun tafi. Nakan kama bakin waƙar in rasa sauran. Ke ba ki same ta ba, kuma ba ni da abin da zan miƙa miki in ce ga ta.

Kada ki daina, Auta. Karatu ne gaba, wannan ba gardama, kada in ji an ce kin faɗi jarrabawa saboda mutanen tele. Amma in kin samu sarari ki rubuta. Ba abin kunya ba ne koyon tafiya da mutanen da wasu suka ƙirƙira, muddin kin faɗa a fili cewa nasu ne, ba ki ce ke kika haife su ba. Sai dai ki riƙa waiwaye. Akwai mutane a Madarunfa da ba wanda ya taɓa rubutawa.

Saura na ƙarshe, wanda kin san rabinsa don a kanki aka yi shi.

Kin tuna daminar bara da na yi ta ɗaure miki fuska? Ban taɓa gaya miki yadda abin ya fara ba. Wata Lahadi ce an tashi daga majami'a, muna tsaye a inuwa muna gaisawa, sai ga Madam Ladi ta zumuntar mata ta nufo ni da fuskar tausayi. Ta kama hannuna biyu ta ce:

“Hannatu, sannu. Ya haƙuri? Ashe kin rasu ba a gaya mana ba?”

Na ce, “Wace irin magana ce wannan, Ladi?”

Ta ce, “Ɗiyata ce ta karanta mini a salula. Wai Rahila marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana goye, ita kaɗai ta yi ta fama har ta zama babbar likita a gidan masu kuɗin nan na tele. Har na yi hawaye. Da kin sanar da mu ai da mun kawo ko da gero ne.”

Matan suka kwashe da dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Amma a hanyar gida dariyar ta gushe. A ranar na fara sanin kina rubutu, a ranar kuma na ji kin kashe ni. Na yi ta tunani: talaucinmu ne take jin kunya? Faɗana ne ya yi yawa? Ni da na san abin nan ciki da waje, ni da ya kamata in fi kowa ganewa, sai na yi abin da bai dace ba. Ban tambaye ki ba. Na shiga amsa miki da “to” da “a'a”. In na gan ki da salula in ce ki ajiye wannan shirmen ki zo ki tsince shinkafa, ko da an riga an tsince. Na ga kina satar kallona kina neman laifin da kika yi, na ƙyale ki kina nema. Wannan ban kyauta ba, ki yafe mini.

Babanki ne ya gaji da zaman gidan, ya ce, “Ki-ki tambaye ta mana.” Kin tuna, muna zaune muna zage zogala a faranti, na ce ba tare da na dube ki ba, “Rahila, me na yi miki kika kashe ni a labarinki?”

Kika zaro ido, kika ce, “Kai, Mama! Wa ya gaya miki?” Sa'an nan kika ce, “Ai na gwada da ke a ciki, labarin ya ƙi tafiya. Duk wanda ya taso zai cuce ni, sai in ga kin ɗaura ɗankwali kin tafi gidansu. Kafin shafi na biyu kin gama da kowa, ba sauran abin rubutawa. Dole na cire ki, in ga ko zan iya ni kaɗai.”

Kin ga na tashi na shiga ɗaki da sauri, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ba a ma hura wuta ba. Dariya nake yi a ciki, da kuka, duka biyun. Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan ba, kuma a cikin sanarwar mutuwata aka yi mini shi.

Darasin nan nawa ne, amma ki ɗauka: in abu ya soke ki daga wanda kike ƙauna, ki buɗe baki ki tambaya tun da wuri. Sau da yawa abin da mutum ya rubuta ko ya faɗa ba shi ne abin da kika karanta a ciki ba.

Yanzu ga shi abin da kika gwada a labari ya zo da gaske. Kina Damagaram, ina nan, ba zan iya ɗaura ɗankwali in je gidan kowa ba. Za ki iya, na sani, na ga yadda kike tsayawa in abu ya taso. Raina a kwance yake. Sai dai akwai bambanci ɗaya tsakaninki da waccan Rahilar, kuma kada ki manta da shi: taki uwar tana da rai, tana cin tuwo, salularta kuma tana cikin aljihun zanenta. Ba sai abu ya ɓaci ba. Ko miya ce ta ƙi yin kauri, ki kira.

Babanki yana gaishe ki, Inna Rabi ma ta ce a gaya miki yajin da ke cikin gwangwanin nan nata ne, ba na rabo ba ne. Ubangiji ya yi miki jagora, ya zama inuwarki a garin da ba ki da kowa. Ya kiyaye ƙafarki a hanya, da hannunki a kan marasa lafiya, da bakinki a cikin mutane. Ya haɗa ki da masu tsoronsa, ya raba ki da sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba, ya maido mana ke lafiya lokacin hutu. Amin, amin.

Ni ce mamanki, wadda ba ta mutu ba,

Hannatu.